Libarba Mai Babban Baki da Zariyar Wando

Duk wanda ya ce mini yana son libarba mai babban baki, ya ɓoye ta a ƙugu da rana a cikin Yamai, da dare kuma ya tsare gidansa da ita, tambayar farko da nake yi masa ita ce ƙwarin zariyar wandonsa. Bindigar da masu wannan buri suke mafarki, wato Smith & Wesson samfurin 29 mai cin harsashin .44 Magnum, ta fito a Amurka a tsakiyar shekarun 1950, ta kuma yi suna a 1971 da Clint Eastwood ya riƙe ta a fim ɗin Dirty Harry. Nauyinta ya haura kilo ɗaya tun ba a ɗura mata harsasanta shida ba. Ƙanwarta da ta fi ta ƙiba, samfurin 500 na shekarar 2003, tana kaiwa kilo 2, ga shi harsashi biyar kacal take ɗauka. Maharba ne suka matsa aka ƙera irin wannan harsashi saboda manyan namun daji, har gobe kuma mutanen Alaska suna rataya ta don tsoron beyar. Mu kuwa manyan dabbobin da ke kusa da mu su ne raƙuman dawa na Kure, waɗanda doka ta hana a taɓa, sai dorinar kogin Isa, wadda ban taɓa jin ta hauro katanga ta ɗauke babur a Talaje ba.

To, a ce ni ne. A ce na bi duk takardu hukuma ta ba ni izini, tunda riƙe bindiga babu izini laifi ne a Nijar, izinin kuma ba a rumfar kasuwar Wadata ake sayar da shi ba. A ce watan Afrilu ne, zafi ya wuce digiri 40, kowa ya koma yadi mai shara-shara. Ba'amurken da yake ɓoye bindiga a jiki yana da ɗamarar fata mai kauri da kwat a kanta, ni kuwa zare nake da shi a cikin ƙubaka. Kafin in kai bakin titi wando ya karkace gefe guda, hannun dama ya zama ma'aikacin riƙon wando na dindindin, wanda ya miƙo hannu mu gaisa sai dai in ba shi haƙuri. In shiga tasi, mu uku a baya, cinyar maƙwabcina ta riga ta san sirrin kafin mu kai Babbar Kasuwa. In tsuguna alwala, ƙarfe ya soke ni a mara. In shiga sahu, liman ya ce a haɗa kafaɗu a toshe kafa, na kusa da ni ya ji abu mai tauri ya fara addu'ar da ba a zo wurinta ba tukuna. Ruku'u dai ina iya daurewa, amma sujada ban ɗauki alkawari ba. Batun tsugunno a bakin masai kuwa na bar wa mai karatu, sai dai ya tuna abin da ya faɗa can ba a cika dawowa da shi ba.

Za a ce ai ga babbar riga, wadda ko ɗan akuya aka sa a ciki ba mai ganewa. Gaskiya ne, ɓoyo kam ta iya, har ta kan ɓoye wa mai ita. Duk wanda ya taɓa ganin Alhaji yana laluben wayarsa a ƙarƙashin riga da 'yar ciki da singileti, tana ruri har ta katse, ya san tsawon lokacin da zaro libarba zai ci. Kafin in kai ga kunamarta, ɓarawo mai fizge ya tsallake Gadar Kennedy yana shan ruwan sanyi a Haro Banda. Idan kuma rigar ta gaza ɓoyewa a daidai shingen sojoji, a garin da kowa yake a tsorace da mai kumburin ƙugu, ban san da wane hannu zan ɗauko takardar izinin ba, don duk hannun da na kai aljihu fassara ɗaya za a yi masa.

A gida ne abin ya fi muni, ga shi nan ne masu wannan buri suka fi kafewa. Harsashin da aka yi don ya ratsa ƙirjin beyar ba ya tsayawa gaisawa da bulo mai rami ko ƙyauren langa-langa. Gidajen haya na Bukoki da Lazare ɗaki ne jingine da ɗaki, da bazara kuma rabin gidan a tsakar gida yake kwana cikin gidan sauro, musamman in wuta ta ɗauke. A ce ƙarfe biyun dare na ji motsi na harba. Ƙarar irin wannan bindiga tana wuce desibel 160, alhali daga 140 kunne yake fara lalacewa nan take, ni kuma a ƙarƙashin rufin kwano nake. Walƙiyar bakinta ta ɗauke mini gani, shurinta ya gurɗe mini wuyan hannu, don ban taɓa gwada ta ba, ina zan sami harsashin atisaye? Idan ƙura ta lafa, ga ni kurma, makaho, mai targaɗe, firjin maƙwabci ya riga mu gidan gaskiya, ɓarawo kuma, in ma akwai shi, lafiyarsa ƙalau. Wannan idan Allah ya taƙaita ke nan. Mai motsin ƙarfe biyun dare a gidan Bahaushe ko Bazabarme yawanci ƙane ne ya dawo daga fadar shan shayi, ko baƙo daga ƙauye yana neman buta, ko ragon layya ya tsinke igiya.

Sannan ina zan ajiye ta? In na kulle ta a akwati, na ɓoye makulli, na raba ta da harsashi kamar yadda hankali ya ce, ɓarawo zai jira ni in kunna tocila in nemo makulli? In na sa ta ƙarƙashin matashin kai, yaran da suke gano inda uwarsu ta ɓoye sukari za su gano ta kafin la'asar. Nan dai dariya ta ƙare. Binciken da likita Arthur Kellermann da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 1993 ya nuna gidan da aka ajiye bindiga haɗarin a kashe wani a cikinsa ya ninka kusan sau uku, kuma yawancin masu kisan 'yan gida ne ko sanannu. Wani zai ce can daban, nan daban. Na yarda. Can mutum biyu ko uku ne a gida, nan kuwa sai a ƙirga goma sha biyar ba a kai ga almajirin gidan ba, ga kishi, ga rikicin gado.

Hujjar da nake girmamawa ita ce ta tsaro. Wanda yake da dangi a jihar Tillaberi bai buƙatar a karanta masa labarin tsoro, kuma tun rushewar Libiya a 2011 makamai suka cika Sahel. Amma masu kai hare-hare a can a kan babura suke zuwa, su da yawa, kowa da Kalashnikov mai cin harsashi 30. Mutum ɗaya da harsashi shida a gabansu ya ba su dalili ne kawai, ya kuma ƙara musu bindiga guda. Ana yabon libarba cewa ba ta cika cijewa ba, to ita ba ta cije ba, hannun mai ita fa da yake rawa? Ƙasar nan ta riga ta ɗanɗana yawan makamai a hannun jama'a, shi ya sa aka kafa hukumar tattara haramtattun makamai a 1994, aka kuma ƙona bindigogi sama da dubu a Agadas a watan Satumba na 2000, bayan tawayen arewa.

Ɓarawon Yamai na yau da kullum babur yake nema, da waya, da tukunyar gas, kuma ido yake tsoro. Samarin fada da suke kwana shan shayi a bakin titi sun san baƙuwar fuska tun daga kwanar unguwa, gardi mai gora da usur yana tada layi guda, maƙeran Katako suna haɗa ƙofar ƙarfe da sakata, fitila mai aiki da hasken rana ba ruwanta da ɗaukewar wuta, kare kuma bai taɓa fasa firjin kowa ba. Mai kuɗin libarba ya sayi waɗannan, canjin da ya rage ya kai wa samarin fada sukari da ganyen shayi, ya kuma karɓi lambar wayar maƙwabtansa.