Masu Fama da Dogon Nektayi

Ƙa'idar masu abin ita ce bakin nektayi ya tsaya daidai kan ƙarfen bel. To amma yawancinsa da tsawon inci 57 ko 58 ake ɗinka shi, sannan ya biyo dilar gwanjo ya sauka Ƙofar Wambai, ya faɗa hannun wani bawan Allah wanda ko a sahun salla sai ya ɗaga kai yake ganin kafaɗar na kusa da shi. Ya ɗaura, abu ya sauko har cinya. A nan ake gane halin kowa.

Akwai mai cusawa. Shi ba ya dogon tunani, tura ragowar yake cikin wando ya ja bel ya tamke. Muddin yana tsaye lafiya lau. Da ya ɗaga hannu zai tsayar da Adaidaita Sahu, sai nektayin ya fizgo wuyansa ƙasa, ka ga mutum yana ta rusunawa ba tare da ya ga surukinsa ba.

Sai mai almakashi, gaggawa aikin Shaiɗan. Datse wutsiyar yake kamar mai yankan igiyar shanya. Bai san a karkace ake yanka ƙyallen nektayi ba, dabarar da wani maɗinki a New York, Jesse Langsdorf, ya fito da ita a shekarun 1920 don abin ya riƙa sauka sambal ba tare da murɗewa ba. Bai kuma san akwai shafi a ciki, da zare guda da ke riƙe bayan tun daga sama har ƙasa ba. Da ya tsinke zaren nan, kafin azahar bayan ya buɗe baki, shafi ya leƙo kamar hanjin kaza.

Wanda ya fi burge ni shi ne malamin ƙulli. Wannan ya yi karatun abin, ya ji cewa ƙullin Windsor ya fi cin tsawo, kuma gaskiya ne. Sai dai shi bai san ya isa ba. Ya zagaya, ya sake zagayawa, ya ƙara ɗaya don neman albarka, har ƙullin ya kai curin fura a maƙogwaro. Tsawo dai ya daidaita. Haɗiyar yawu ce ta zama aiki, gaisuwa kuwa sai ya juyo da dukan jikinsa kamar wanda wuya ya sanƙare masa. A zafin Afrilu kana ganinsa a bakin banki, gumi na tsiyaya, yana murmushin wanda ya ci nasara.

Ƙaninsa shi ne mai ƙulli ɗaya har abada. Ranar da zai je intabiyu wani maƙwabci ya ɗaura masa, tun daga nan bai yarda an kwance ba. Ya sassauta ya zare ta kai, ya rataye a ƙusa kamar zarge. Ka ce masa ya yi tsawo, ya ce haka yayin yake.

Mai sitefila kuma ƙaramar wutsiyarsa ce ta wuce babbar, sai ya naɗe ta ya danna mata ƙarfen ofis. Kada a yi masa dariya da yawa. Donald Trump, wanda ya shahara da nektayi mai wuce bel, iska ta taɓa ɗaga nasa a ranar rantsar da shi a 2017, masu hoto suka ga salatif manne a baya.

Mai tumbi ba ya cikin wannan lissafi. Shi kafin nektayi ya gama hawa tudu ya gangaro, tsawon ya ƙare.

Na ƙarshe shi ne mai haƙuri, wanda ke kai wa tela. Aikin ba wuya: a warware ɗinkin baya ta siririn ɓangaren, a rage ƙyalle da shafi daidai wa daida, a mayar da ninkin, a ɗinke da allurar hannu, ba a kan keke ba. Sai dai ka auna a wuyanka tukuna ka sa alama, kuma kada ka kai ana saura mako guda Salla, domin telan zai ce maka jibi.