Dodo Ma Yana da Kawu

Ɗan ludo fuska shida gare shi, kowa ya san haka daga Bagudo har Lolo. Shi ya sa ranar da na zaro mai fuska 20 daga aljihu na ɗora kan tabarma a ƙofar gidanmu a Lafagu, sai da Kawu ya tattare bakin babbar rigarsa ya matsa baya.

"Wanga abu, ɗana, na duba ne ko na caca?"

Na ce ba ko ɗaya, Kawu, wasa ne. Sunansa Dungeons & Dragons, a wurin abokan karatu na koyo shi a Zariya. Wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da shi a 1974, kuma har yau ana buga shi a duniya, an ma yi masa fim a 2023. Tatsuniya ce ta taron dangi. Mutum ɗaya ke riƙe da labari, shi ne gari, shi ne daji, shi ne bakin Dodo. Sauran kowa ya ɗauki jarumi guda ya shiga rigarsa. Mai labari ya faɗi halin da ake ciki, ya tambaya: me za ka yi? In abin da ka zaɓa mai wuya ne, sai ka jefa ɗan ludon nan, a haɗa abin da ya fito da ƙarfin jaruminka. Ka kai adadin da ake nema, ka yi nasara. Ba ka kai ba, ka sha ƙasa. Babu kuɗi a ciki, babu wanda ke cinye wani.

Kawu ya ce wasan da ba a cin kowa ai zaman banza ne, amma zai zo. Tambayarsa ta farko kuwa ban ga laifinta ba. A Amurkar ma, cikin shekarun 1980, iyaye da masu wa'azi sun tayar da jijiyar wuya cewa wasan nan tsafi yake koya wa yara. Bambancin kawai, su a talabijin suka yi ta cewa, Kawu kuwa a gabana ya faɗa yana tauna goro.

Masu wasan sun ce in za ka fara da sababbin hannu, kada su wuce huɗu ko biyar, ka rubuta musu jarumansu tun kafin su zo, ka rage dokoki, ka yi gajeren labari. Na bi duk wannan. Na gayyaci Kawu, wanda ya taɓa yin kansila kuma har gobe ba ya amsa sallamar da babu "Honarabul" a cikinta. Da malamin firamare. Da mai shayin bakin hanya. Da wani ɗan kabu-kabu abokin wasana. Sai ƙanina ɗan sakandare. Na ce bayan La'asar. Na ƙarshensu ya iso ana kiran Magariba, yana tambayar ko ya yi sauri. Muka ɗage sai bayan Isha'i. Daga bayan zana Inna ta ce gara haka, don mai tatsuniya da rana ɓata yake yi.

Rabon jarumai ne ya fara nuna mini inda na kawo kaina. Akwai mayaƙi, da mai sihiri, da mai magani, da mawaƙi, da ɓarawo. Kawu ya juya takardun nan biyar gaba da baya, ya ce ina ta sarki? Na ce babu sarki. To ta waziri? Babu. Ya ce ko a tatsuniya shi bai iya zama talaka, mutane na gani. Daga ƙarshe ya karɓi mayaƙi bisa sharaɗin a kira shi Sarkin Yaƙi, aka rubuta masa da biro a saman takarda, ya duba ya ga an rubuta daidai. Malam ya ƙi mai sihiri, ya ce ɗalibansa na iya ji. Mawaƙi kuwa aka yi ta tura shi kamar ƙwaryar bara, kowa na cewa babu roƙo a gidansu. Takardar ɓarawo ko taɓa ta ba a yi ba. Da na ga dare na tafiya, sai na soke kalmar na rubuta "mai fito", na karanta gwanintarsa kamar yadda take: ya iya tafiya ba a ji motsinsa, ya san hanyar da ba kowa ya sani ba, yana wucewa da kaya mai gadi na kallo. Mutum uku suka miƙo hannu lokaci guda.

Na gyara murya na fara. Dodo ya kwashe shanun gari ya shige kogo a hayin kogi. Hanya ɗaya ce zuwa can, wata tsohuwar gada, a kanta kuma wani ƙato ne mai ido ɗaya riƙe da kulki, ya ce ba mai wucewa sai ya biya. Dare uku na kwana ina tsara faɗan nan. Na zana taswira, na lissafa bugu nawa ƙaton zai sha kafin ya faɗi. Na ɗaga kai ina jiran in ga tsoro a fuskokinsu, na ce, me za ku yi?

Ɗan kabu-kabu ya ce, "Nawa yac ce?"

Na ce zinariya goma.

"Kowane kai, ko mota guda? Kuma naira ko sefa?"

A nan na gane kuskurena. Ba'amurken da ya rubuta irin wannan ƙato a littafi abin al'ajabi yake nufi, abin da zai sa gashin jiki ya tashi. Ni kuwa na kawo shi gaban mutanen da suka girma tsakanin Illo da Tsamiya, waɗanda tun suna goye suke ganin an gicciya itace a hanya an miƙo hannu. A wurinsu wannan safiyar Talata ce kawai. Mai shayi ya taya zinariya biyu. Malam ya ce a gaya masa su ma'aikata ne, albashi bai shigo ba. Kawu ya ce a matsa ya yi magana, ai ƙaton zai gane shi.

Ana cikin ciniki, ɗan kabu-kabu ya leƙa taswirata ya ce, "Wai wa yac ce ta gada za mu bi?" Ya ɗora yatsa a wani farin wuri inda ban zana komai ba, ya ce nan akwai mashigi, ruwan bai wuce gwiwa da rani. Na ce babu hanya a nan. Ya dube ni da tausayi. Ya ce lokacin da aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, haka masu taswira suka yi ta cewa. Dokar wasan ta ce kada mai labari ya yi saurin cewa a'a, ya bar ɗan ludo ya yi hukunci. Ya jefa, 19 ta fito. Suka haye su biyar, ko takalmi bai jiƙe ba, suka bar mini ƙatona a kan gada da kulkinsa da dare ukuna.

A bakin kogo akwai rami da za a tsallake. Ƙanina ya jefa 14 ya wuce. Kawu ya karɓi ɗan ludo, ya tofa masa addu'a, ya girgiza, ya saki. Ɗaya. A wasan nan babu abin da ya kai ɗaya muni. Na sanar cewa Sarkin Yaƙi ya zame ya faɗa rami, rawaninsa ya warware.

Kawu ya yi shiru na ɗan lokaci. Sannan ya ce tabarmar a karkace take. Aka gyara. Ya ce fitilar ba ta da haske, shi bakwai ya gani. Malam ya haska da waya, ɗaya dai ce. Ya ce to wannan jifa inkonkulusib ce, a sake. Na ce ba a sakewa. Ya ce shi ya san ni tun ina tsumma, kuma ya lura tun ɗazu abin nan ɗan kabu-kabu yake yi wa aiki. Mai shayi, wanda Kawu ke da bashin shayi na wata biyu a littafinsa, ya ga in dattijo ya yi fushi ya tashi bashin ya bi ruwa, sai ya ba da shawarar a daidaita a kan goma. Ban taɓa jin inda aka yi sulhu da ɗan ludo ba, amma a Lafagu an yi, har da tafi.

Muka iso gaban Dodo. Na kumbura murya na yi gurnani har akuyar maƙwabta ta amsa. Ƙanina ya zabura ya ce zai sare shi. Aka daka masa tsawa, manya na wurin. Kawu ya gyara zama ya yi wa Dodo sallama. Dole na amsa, tunda ni ne Dodo. Ina wuni, ina gajiya, ina iyali, yaya ruwa, yaya muka ji da sauro. Minti biyar cur ina cewa lafiya lau da muryar da na tanada don cin mutane. Sannan ya ce, "To, kai ɗan wane gida ne?"

Na ce Kawu, Dodo ne, ba shi da gida.

"Ba a yi Dodon da ba shi da kawu ba. A binciko muna wanda yake jin kunyarshi, mu aika mishi da goro."

Nan take aka kafa kwamiti. Kawu shugaba, Malam sakatare, ya kuwa juya bayan takardar jaruminsa ya fara rubuta sunayen mahalarta. Mai shayi ya tambayi ko akwai kuɗin zama. Shanun da ba a ƙwato ba tuni aka shiga rabonsu: Kawu na son kashi biyu saboda shekaru, ɗan kabu-kabu na son kuɗin mai ko da yake a ƙafa aka zo, Malam ya ce a ware na makaranta ya riƙe amana. Murya ta yi sama. Dodo na zaune a kogo, ba mai ko kallonsa. Na tuna duk tarukan gyaran rijiyar burtsatse da aka yi a garin nan, na ga ashe ba sai na je Zariya koyon wasan ba.

Inna ce ta kashe maganar. Ta ɗaga zana ta leƙo, ta ce tun ɗazu tana ji, ban iya ba. Wane irin Dodo ne ake gaishe shi yana amsawa? Ta ce ga ta nan ga ta nanku, sai ga gardawa biyar, har mai furfura, sun amsa baki ɗaya ba wanda ya umarce su. Ba ta nemi takarda ba, ba ta taɓa ɗan ludo ba. Cikin numfashi uku Dodo ya haɗiye Sarkin Yaƙi da rawaninsa, Gizo ya lallaɓa ta bayan kogo ya kore shanun ya sayar a wata kasuwa, ya dawo yana taya gari jaje. Kawu ya buɗe baki zai ɗaukaka ƙara, ta dube shi irin kallon da take yi masa tun yana yawo ba wando, ya mayar da bakinsa ya rufe.

Washegari da sassafe na ji sallama. Kawu ne, ya zo shi kaɗai, yana waige-waige. Ya ce wasan nan ba laifi, a sake shi Juma'a mai zuwa. Sai dai ya gaji da Sarkin Yaƙi, wahala ce kawai da faɗawa rami. Ya rage murya ya ce wancan ƙaton na kan gada, mai karɓar zinariya goma, an riga an ba wani? Na ce Kawu, ai wannan ba jarumi ba ne, mugu ne, kuma kai ne na uku da ya zo tambaya tun asuba.

Ya ce su wa da wa, kuma nawa sunka ba ka?