Daƙiƙa Shida Da Ba Ta Ƙarewa

A littafin dokokin Dungeons & Dragons an ce zagaye ɗaya na faɗa daƙiƙa 6 ne. A majalisarmu kuwa, daƙiƙa shidan nan mun taɓa fara ta bayan isha'i, har mai shayi ya kife tukunya ba mu fita daga cikinta ba.

Wasan na Amurkawa ne, Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da shi a 1974. Mu bugu na biyar muke yi, na 2014, wanda yayan wani abokinmu ya zo mana da shi tsaraba. Kowa ya ɗauki ɗan wasansa, mutum ɗaya ya zama alƙali yana jan labari, sai a jefa ɗan lido mai fuska 20 a ga ko sara ya ci. Sauƙi ke nan. Amma mu da ko Whot ba ma gamawa sai an yi rantsuwa, ina ga an miƙo mana littafi mai shafi sama da 300?

Sunayen ma sai da muka yi musu wanka. Mai sace-sace da sanɗa Ɓarawo ne, mai sihiri Boka, shi kuwa ƙaton nan mai hasala Ɗan Tauri muke ce masa, don in ya fusata rabin sara da suka kawai ke kama shi. Wuta fa ba ruwanta da tauri, kuma a nan rigimar makon jiya ta samo tushe.

Dodanni biyar sun yi wa Ɗan Tauri zobe. Boka ya gyara zama, ya ce zai saki ƙwallon wuta, wadda ke cinye duk abin da ke cikin ƙafa 20 ta kowane gefe, a jefa 'yan lido takwas a haɗa lissafi.

"Kai, ina ciki fa!"

"Yaya, ai kai jininka da yawa. Ka daure."

"In daure? Uban wa ya ce wuta ta san ɗan gida?"

Ya saki. Dodanni huɗu suka faɗi, Ɗan Tauri ya zama na biyar. Mai magani, wanda tun farko bai so aikin ba, don an tilasta masa ne da aka rasa mai yi, ya ce shi ba zai ɓata addu'arsa a kan wanda nasu ya gasa ba.

Ni dai a nan Boka nake ba wa laifi, ko da yake lissafinsa daidai ne. Wanda ya tsaya a gaba yana shan duka dominka, ko shawara ai ka yi da shi.

Ɓarawo kuwa lauya ne da bai je makaranta ba. Dokarsa ta sukan bazata ta ce sau ɗaya a kowane layi. Shi ya kafe cewa layi aka ce, ba zagaye ba, saboda haka in dodo ya juya zai gudu a nasa layin, yana da damar ya sake soka masa ta bazata. Muka yi masa ca. Aka haska fitilar waya a kan shafin, aka karanta sau uku, wani har da bin layin da yatsa. Abin haushi, shi ke da gaskiya. Kwana biyu ba a sha iska da shi ba.

Alƙalinmu mutum ne mai haƙuri. Littafin ya ba shi maganar ƙarshe, amma a nan wa ya taɓa yarda da maganar ƙarshe? Yanzu ya kawo sabuwar doka: duk wanda ya buɗe littafi ana tsakiyar faɗa, shi zai biya shayi.

Ɓarawo ya biya sau uku a makon nan. Jiya da kuɗinsa a hannu ya iso.