Yadda Ake Neman "Burek" a Wurin Taro

Makon jiya na yi kwana uku a wani taron bita, kuma har yanzu bayana bai daina ciwo ba. Duk wanda ya taɓa zama kan kujerar roba tun hantsi har bayan La'asar ya san abin da nake nufi. To, ga shawarwari.

Na farko, kada ka ce "zan huta". Kana faɗa za a dube ka kamar mai shirin shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin tebur. Ka ce "ina son burek". Abin ɗaya ne, amma kalmar Bature ta zo da kwat da takalmi, ba mai kiranta lalaci. Wannan yana ƙona mini rai, domin muna da sararawa, muna da numfasawa da shan iska, ga kuma ƙailula bayan Azahar. Ko a firamare "tara" muke cewa, kuma iyayenmu kuɗin tara suke ba mu.

Na biyu, ka kula da bakinka: birki na mota ne, burek na mutum. A Turanci furucinsu ɗaya, Bahaushe ne ya raba su.

Na uku, in shugaban taro ya ce "za mu tafi burek na minti goma", kada ka miƙe. Saurari abin da zai biyo baya: "Amma kafin nan, Dakta yana da ɗan tsokaci." Namu Daktan minti arba'in ya yi. Shayi ya huce a bayan zaure muna kallonsa. Daktan yana zama sai wani ya ɗaga hannu, wai shi ba tambaya zai yi ba, ƙarin bayani ne. Haba jama'a! Daga nan aka ce tunda lokaci ya ƙure, a haɗe burek da sallah da abincin rana cikin rabin awa, ga buta biyu kacal a wurin alwala. Akwai dattijo mai ciwon suga a kusa da ni, hannunsa har rawa yake yi. Akwai mai shayarwa da ta bar jaririnta a waje da mai raino. 'Yan ƙwallo ma, da ƙuruciyarsu da horonsu, in sun yi minti 45 ana ba su 15 su numfasa.

Na so in kawo shawara ta huɗu kan kashe waya, amma raina ya riga ya ɓaci. Ai batun hutu ba wasa ba ne: Sashe na 13 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya tanadi cewa ma'aikacin da zai yi awa shida ko fiye a yini a ba shi hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba.

Ranka ya daɗe shugaban taro, ka kira shi burek ko hutu, duk wanda ka ga dama. Amma in ka ambace shi, don Allah ka ajiye makirufo ka bar mutane su fita.