Bakano, daji ba Kantin Kwari ba ne

Alhaji, bawan Zagezagi, gaisuwa daga cikin ganuwa. Labari ya iso mini har Ƙofar Doka cewa bana ka ɗaura niyyar bin mafarautan garinmu zuwa dajin bakin Galma, can wajen Soba, da zarar an gama girbi. Madalla. Amma wanda ya kawo labarin ya ce da ya ga kayan da ka tara a tsakar gida sai ya ɗauka amarya ce za ta tare. Akwatin shadda, kwandon gurasa, turare, katifa, har da na'urar POS, wai ko Allah zai kawo ciniki a hanya. Wa za ka sayar wa? Gada?

Na san inda ka gaji abin. Kakanninka fatake ne, su ne suka riƙa ɗaukar kanwa da tufafi da fata daga Kurmi, su nausa har Salaga ta ƙasar Gwanja, su komo da goro bayan watanni. Abin da ka manta shi ne suna da madugu, suna da zango, suna da jakai. A wannan tafiya kuwa kai ne jakin. Duk abin da ka cusa a jaka kafaɗarka ce za ta biya kuɗinsa, ita ko ba ta san ragi ba.

To zauna in koya maka, tunda karatu ne ya saba kawo ku garinmu.

Fara da ruwa. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, saboda haka ba za ka iya ɗaukar na kwana biyu a ledar fiya-wata ba, ko da a sari ka saye shi. Gora mai murfi za ka riƙe, da ɗan gwangwani ko ƙaramar tukunyar da za ta hau wuta. Ruwan rafi da ka ga ya kwanta garau, kada ya ruɗe ka. Kurkunu dai an sallame shi, tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar babu shi a Nijeriya, amma taifot da kwalara ba su je ko'ina ba. Tace shi da tsumma mai tsabta, ka tafasa shi har ya yi minti guda yana ɓararraka. Alif da 'ya'yan zogale suna kwantar da laka ne kawai, ba su isa su kashe ƙwayar cuta ba. In kuma ciki ya ɓaci duk da haka, ga abin da zai tsaya maka: ƙaramin cokalin shayi shida na sukari, a shafe ba a tula ba, da rabin cokali na gishiri, a cikin lita guda ta tafasasshen ruwa. Na ce shida. Na san halinka, za ka zuba huɗu ka ɓoye biyu.

Ruwa ba ya tafasa da fatan alheri, sai da wuta. Tsofaffin maharba ƙyastu da auduga suke ɗaurawa a burgami, kai ashana ta ishe ka, amma ka naɗe ta a leda ka raba ta gida biyu, rabi a jaka rabi a aljihu, sannan ka ƙara da laita. Daren hunturu a bakin kogi ba irin na ɗakinka mai labule ba ne, don haka bargo mara nauyi ya fi maka babbar riga mai aska takwas. Wuƙa mai kube, igiya, tocila da batirin canji, sai usur, domin murya tana dishewa, shi ko ba ya gajiya. Wayarka ta ƙwarai ce, na sani, mun ji farashinta ba sau ɗaya ba. Kashe ta ka adana cajin, don akwai kwarin da ko sanda ɗaya ta sabis ba za ka gani ba.

Gurasa kuwa a bar ta a Jakara. Kwana ɗaya ta bushe, kwana biyu ta yi funfuna. Guzurin daji shi ne wanda ba ya lalacewa: kwaki, ƙuli-ƙuli, dabino, ɗan kilishi. Shi ma kilishin kaɗan, yajinsa ƙishi yake jawowa.

Yanzu ajiye dariya, wannan ba wasa a ciki. Kububuwa ce macijiyar da ta fi kashe mutane a irin wannan ƙasa tamu, kuma launinta na busasshiyar ciyawa ne, ba ka ganinta sai ka taka. Silifas ɗin zuwa masallaci ba zai yi ba, takalmi sau-ciki mai kauri za ka sa. In tsautsayi ya afka, ba a tsagawa da reza, ba a tsotsa, ba a ɗaure ƙafa tamau da igiya, baƙin dutsen nan da ake tallarsa a tasha ma ba ya cire dafi. A cire zobe da agogo, a kafe wurin da kara kada ya motsa, a ɗauki mutum zuwa asibiti, in da hali har Shika. Bandeji mai faɗi da katin shaidarka su shiga jakar, domin dajin yanzu ba na da ba ne, 'yan sintiri za su tambaye ka ko kai wane ne, kuma “ɗan kasuwa ne daga Kano” ba amsa ba ce. Kafin ku fita a gaya wa mai unguwa da mutanen gida inda aka nufa da ranar komowa. Wannan ba ya da nauyi, kuma kyauta ne, na san zai burge ka.

In duk wannan ya yi maka yawa, babu kunya. Zo mu kai ka dutsen Kufena ta Wusasa, ka hau rabi, ka ɗauki hoto ka aika wa 'yan layinku a Kwari cewa ka ratsa ƙungurmin daji. Da la'asar mu sauko da kai Kwarbai ka sha fate kwano biyu, irin wanda kake zaginmu a kansa a bainar jama'a kana neman ƙari a zaure. Kuɗin mota dai kai za ka biya.