Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Amaryar Da Ta Ƙi Tarewa

Zuwa ga Hajiya Takardar Shaidar Inganci,
Ta hannun waliyyinki, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya,
Abuja.



Ina rubuto miki ne a madadin dangin ango: leburorin Sharaɗa, majeman Challawa, direbobi da masu gadin Bompai, da matansu da 'ya'yansu, har da masu shayi da masu garau-garau da ke neman na tuwo a bakin ƙofofin kamfanoni. Magana ɗaya ce tafe da mu, ranki ya daɗe. Yaushe za ki tare?

Kada ki ce ba ki san da auren ba, don a gaban shaidu aka ɗaura shi. A shekarar 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar Lafiya ta Ƙasa, kuma sunanki na ciki ɓaro-ɓaro: babu mai buɗe asibiti ko gudanar da shi, ɗan kasuwa ne ko gwamnati ce da kanta, sai kina hannunsa. Aka ba da wata 24 a gama jere. Wanda wa'adin ya cika masa ba ya tare da ke, tarar da ba ta gaza naira 500,000 ba ta hau kansa, ko ɗaurin da zai iya kai shekara 2. Har sadaki an yanka, aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin da ke shiga babban asusun tarayya, domin kiwon lafiya a matakin farko, ko da yake sai a kasafin 2018 aka fara ganin kalarsa. Wa'adi ya cika tun 2016. Yaran da aka haifa a shekarar ɗaurin auren nan yanzu ana aiken su Kantin Kwari su dawo da canji daidai, amma ni dai idona bai taɓa faɗawa kanki a bangon wani asibitin gwamnati ba.

Abin da ya sa zancen ya fi ci mana rai a wannan yanki shi ne da 'yan'uwanki muke kwana muke tashi. Yayarki, tambarin hukumar SON, gidansu na nan tun 1971. Ƙanwarta, lambar NAFDAC, tun 1993 ake damawa da danginta. Ruwan leda ba ya fita daga Sharaɗa sai da lamba a goshinsa. Biskit ma yana yawo da ranar haihuwarsa da ranar mutuwarsa rubuce a jikin leda. Fatar akuya kuwa, wadda ake jemewa a Challawa a loda zuwa Italiya da Sifaniya, ita ce 'yar gata. A auna kaurinta, a duba launinta, a ɗaga ta a haske ana neman tabon ƙaya ko yankan wuƙar mafiɗi, sannan a ware ta aji-aji. In ta gaza, mai saye ya karya farashi ko ya mayar da kaya, manaja ya kwana bai runtsa ba. To, hannun da ya jeme ta fa? Wannan hannu da ya yini cikin ruwan kuromiyam har ya tsattsage, in ya je asibiti, wa zai biyo baya ya duba ko aikin da aka yi masa na aji ɗaya ne ko na aji uku? A unguwarmu, Hajiya, fatar akuya ta fi fatar ɗan Adam samun mai dubawa.

Kuma mu ba da marmari muke zuwa asibiti ba. Injin roba ba ya tambayar sunan yatsa kafin ya datse shi, kuma ya fi jin yunwa da ƙarfe uku na dare, lokacin da barci ya fara fizgar mai aikin kwana. Dokar Masana'antu ta 1987 ta ce a ajiye akwatin taimakon gaggawa a kowace masana'anta. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010 ta ce kamfani ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF saboda irin wannan rana. Amma leburan da ake ɗauka da safe a sallama da yamma, wanda sunansa bai taɓa hawa takardar albashi ba, in tsautsayi ya rutsa da shi sai abokan aiki su naɗe hannun da tsumma, su tare ɗan sahu, su nufi asibitin gwamnati. Wanda bai taɓa taka masana'anta ba shi ma bai tsira ba. Ruwan dattin Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da na Jakara, na Sharaɗa ya bi rafin Salanta, na majemu ya gangara kogin Challawa, kuma da shi wasu manoman rani ke ban ruwan latas da kabejin da ake yanka mana a kan shinkafa.

Wannan dokar da ta ɗaura miki aure ta ce kada wani asibiti ya ƙi karɓar mai neman taimakon gaggawa ko da wane irin dalili, kuma ta sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin da zai iya kai wata 6. Amma mai yanke a hannu ya san karatun da ake fara yi masa: yanki kati, sayo safar hannu, sayo zare, jira likita ya fito daga tiyata. Da kina ɗaki, da akwai mai tambayar minti nawa jininsa ya yi yana zuba a kan benci.

Kada ki ji tsoro, ba kyan fuska muke nema a wurinki ba, don an sha yi mana kwalliya da fenti da sabon allo a bakin get. Aikin gida muke so. Ki leƙa ɗakin haihuwa ki ga ko famfo na kawo ruwa, ko akwai sabulu a gefensa. Ki buɗe firji ki taɓa allurar oksitosin da ake tsayar da zubar jini da ita bayan haihuwa, don zafin Kano na watan Afrilu yana kashe ƙarfinta in wuta ta ɗauke aka bar ta haka nan. Ki tambaya ko an tafasa almakashi kafin a taɓa mutum na biyu da shi, ko an gwada jinin da za a ƙara wa yaro, ko tukunyar iskar oksijin da ke jingine a lungu tana da wani abu a ciki. In mai naƙuda ta rasu, ki zaunar da ma'aikata a bi sawun abin da ya faru tun daga ƙofa. Mun yarda kwana ne ya ƙare, amma ƙarewar kwana ba ta hana a tambayi inda makullin ɗakin ajiyar jini ya kwana.

Waɗannan ƙananan tambayoyi suna ceton rai. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da takarda mai tambayoyi 19 da ake bi a ɗakin tiyata, ciki har da tabbatar da sunan majiyyaci da ƙirga auduga da kayan aiki kafin a ɗinke ciki. Da aka gwada ta a asibitoci 8 na ƙasashe daban-daban, har da na Ifakara a Tanzaniya, mace-macen bayan tiyata suka sauko daga 15 cikin 1,000 zuwa 8. A 2018 kuma wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta cewa a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kusan mutum miliyan 5 ke mutuwa duk shekara bayan sun je asibiti sun tarar da kulawa marar inganci, alhali waɗanda rashin zuwa ya kashe miliyan 3.6 ne. Wato mun ji wa'azin "ku je asibiti", mun kuma je. Saura wanda za a yi wa asibitin.

Kano ta san kuɗin rashinki. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer na Amurka ya yi gwajin maganin Trovan a asibitin cututtuka masu yaɗuwa, wato IDH, gwajin da ya haɗa da yara 200, kuma 11 daga cikinsu suka rasu. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, aka yi ta shari'a har aka yi sulhu a kan dala miliyan 75 a 2009. Kafin nan yarda ta riga ta karye, kuma da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna a 2003, wannan labari na cikin abin da iyaye ke kafa hujja da shi.

Mun san wasu za su ce gidan ai ba kango ba ne. Gaskiya ne, akwai uwargida, Hajiya SERVICOM, da ta shigo tun 2004 da akwatin ƙorafinta. Allah ya ba ta lada, ba ta taɓa tona asirin kowa ba, don abin da aka jefa mata ciki ya shiga ke nan. A 2018 aka ƙaro Kundin Haƙƙin Majiyyaci, Mataimakin Shugaban Ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo ne ya kai ta ɗaki, ita ma tana nan a bango tana shan ƙura. A nan jiha kuma hukumar PHIMA tana garƙame asibitocin kuɗi na bogi, mun gode mata. Sai dai asibitin gwamnati fa? Gwamnati ce ta gina, ita ke ɗaukar ma'aikata, ita ke duba kanta, ita ke ba kanta maki. Ko ni aka ba jarrabawa da jan biro a rana ɗaya, ba zan faɗi ba.

Kada kuma ki shigo da bulala ki fara ta kan nas ɗin da ke riƙe da ɗaki guda ita kaɗai da fitilar waya, ko likitan da abokan karatunsa suka tafi Saudiyya da Ingila suka bar masa layi. In kin zo, su za ki fara yi wa rana, domin ke ce za ki rubuta cewa ɗaki kaza ba ya aiki sai da ma'aikata kaza, kuma wanda ya hana kuɗin shi zai amsa tambaya.

In an so, ana iyawa. Shekaru nawa aka yi ana cewa masu sayar da magani na Sabon Gari ba za su tashi ba? A watan Fabrairun 2024 hukumomi suka rufe shaguna, aka nuna musu hanyar sabuwar kasuwar magani ta Dangwauro.

Saboda haka buƙatunmu uku ne, ki isar wa waliyyinki da gwamnatin jiha. Na ɗaya, a sa masu dubawa waɗanda ba a ƙarƙashin mai asibitin suke cin abinci ba, kuma su riƙa zuwa ba sanarwa, don kada a ari gado da janareta daga maƙwabta. Na biyu, a manna sakamakon a bakin get da Hausa, boko da ajami, da ranar dubawa da ranar ƙarewar aiki. Na uku, a fara da asibitocin da ke kewaye da Sharaɗa, Challawa da Bompai, inda ake karɓar haraji daga gumin waɗanda ke kwanciya a gadajen.

Ku kuma 'yan'uwa da wasiƙar nan za ta biyo ta hannunku, duk wanda ya je yankar kati ya tambayi shugaban asibitin cikin ladabi: ina takardar shaidar ingancinku? Doka ce ta wajabta musu ita, kuma tambaya ba rashin kunya ba ce.

Wassalam.

Naki mai biyayya,
Wakilin dangin ango,
Bakin get, Sharaɗa, Kano.