Yadda Ake Barin Sukari Ba Tare da An Bar Shi Ba

Da zarar maɓallin riga na ƙasa ya fara neman agaji, lokaci ya yi da magidanci zai shelanta cewa shi da zaƙi haihata-haihata. Ka zaɓi ranar da gida ya cika da baƙi, ka ture farantin alkaki da bayan hannu, ka ce, "Hajiya, a ba yara." Shi ke nan, ka shiga sahun masu kula da lafiya. Sauran aikin shi ne ka ci gaba da shan sukarinka yadda ka saba, ba tare da zuciyarka ta tuhume ka ba.

Babban abin da za ka guje wa shi ne lissafi. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa sukarin da ake ƙarawa a ci da sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke samu daga abinci a yini, in da hali ma ya sauka ƙasa da kashi 5. Ga baligi mai matsakaicin ci, kashi 10 ɗin ya kama kusan giram 50, wato ƙaramin cokali 12, kashi 5 kuwa cokali 6. Ka karanta wannan sau ɗaya, ka yi maza ka manta da shi.

Dabarar da ta fi kowace ita ce ka riƙa kurɓa maimakon tauna. Abin da aka tauna ana ganinsa, ana ƙirga shi, har uwargida ta sa baki. Abin da ya bi ta kofi kuwa ba ya cika ciki kamar abinci, don haka bayan ka gama sai ka zauna ka ci tuwonka malmala biyu kamar ba a yi komai ba. Ka soma da teburin mai shayi da sassafe. Ka nemi haɗin kauri, da madara da Milo ko Bournvita, waɗanda dama da sukarinsu suka zo daga kamfani. Idan ya zura cokali a gwangwanin sukari, ka kau da kai ka shiga musun siyasa da na kusa da kai. Cokalin mai shayi bai taɓa jin labarin Hukumar Lafiya ba, kuma a tule yake ɗebowa. In har ka kuskura ka ce "kaɗan," to zai zuba uku maimakon huɗu, ya kuma dube ka da tausayi.

Da azahar, rana ta take, ka nemi lemon kwalba mai sanyi. Robar rabin lita ta irin wanda aka fi sha tana ɗauke da sukari kusan giram 50, ma'ana kason yini guda ya ƙare kafin ka yi gyatsa. Kada harajin gwamnati ya firgita ka. Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai zaƙi, aka soma karɓa a 2022. A robarka naira 5 ke nan, kuɗin da ko almajiri ka miƙa wa sai ya juya shi ya duba baya.

Wata rana wani ɗan boko zai tsare ka da zancen lemon kwalba. Kada ka yi gardama, ka koma na gargajiya. Zoɓo ganye ne, kunun aya daga ƙasa ya fito, lamurje kuwa kakanni sun sha. Alherin waɗannan shi ne babu takarda a jikin robarsu, kuma mai haɗawa da gwangwani take awon sukari, domin ta san in bai ji ba gobe ba ka dawowa. Sannan ka sayi zuma ka ajiye a ɗaki, ka riƙa lasa da sunan magani. Hukumar nan ta lissafa zuma da ruwan 'ya'yan itace a cikin cokali 12 ɗin, amma ai ka riga ka manta. Mazarƙwailar Maƙarfi ma ruwan rake ne da aka dafa har ya daskare, sai dai launinta ja-ja ne, kuma kowa ya san abu mai duhu ya fi lafiya. In kana so ka cika ladanka, ka haɗa lemon malt da gwangwanin madara ka ce kana ƙara jini.

Mangwaro da gwaiba da kankana da lemon zaƙi, in an ci su ɗungurungum, ba sa cikin wannan lissafi, saboda zaren da ke jikinsu yana rage saurin shigar sukari cikin jini. Wannan gyara yake so: ka matse, ka tace, ka zubar da tukar, ka ƙara cokali biyu.

Haƙora ma suna da haƙƙi a kanka. Ƙwayoyin cutar da ke baki suna mayar da sukari tsami mai cin haƙori, kuma duk sanda zaƙi ya shiga sai su sake sabon aiki, don haka yawan maimaitawa ya fi yawan abin da aka ci ɓarna. Ke nan kada ka cinye tuwon madararka a zama ɗaya bayan abinci. Ka gutsuttsura shi a aljihu, ka riƙa tsotsa daga hantsi zuwa isha'i. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun daɗe da gano wannan, shi ya sa shayinsu dahuwa uku ne, kowanne da nasa sukarin.

Ni dai alkaki nake tausaya wa. Shi da nakiya da dubulan ba sa zuwa sai an yi gara ko Sallah. Mai lafiya da ya ci guda ɗaya bayan tuwo, ya bi da ruwa, ya yi aswaki, bai rusa komai ba, in dai ba ya kwankwaɗar zaƙi a kofi safe da rana. Amma shi ne mai danƙo da sheƙi, shi ido ke gani, don haka shi ya dace a kora. Mai ciwon sukari kuwa, Baba, wannan jagora ba naka ba ne, ka tsaya a kan abin da likitanka ya ce.

Saura gwaji. Ciwon sukari ba zaƙi kaɗai ke kawo shi ba, akwai gado da ƙiba da zaman wuri ɗaya, kuma yana iya shafe shekaru bai yi sallama ba. Ana tsira yatsa da safe kafin karin kumallo, in awon sukarin jini ya kai 126 aka maimaita ya sake kaiwa, magana ta tabbata. Hanya mafi sauƙi ta kauce wa 126 ita ce kada ka miƙa yatsan. Idan ka ga kana tashi fitsari sau da yawa cikin dare, ka ce tsufa ne. Idan kasala ta dame ka, ka ce maleriya ce, ka aika kemis. Ƙishirwar da ba ta yankewa kuwa zafin bazara ne, ka tura yaro shagon bakin layi, ka ja masa kunne ya zaɓo mai ƙanƙara.